Takalmi Ɗaya, Ƙafa Huɗu

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kewar gida? Mu nan lafiya lau, in ka cire ƙafar Auta.

Cin ruwa ne ya kama ta. Tsakanin yatsunta ya yi fari fat, ya tsattsage, tana susa har jini. Likita ya ce laifin takalmi ne, kuma da gaskiyarsa. Ka san dabarar nan tamu: yayanta ya sa baƙin takalmin ya je makarantar safe, da rana ya cire mata a bakin get, ta zura da ɗuminsa da guminsa. Wata biyar takalmin nan bai taɓa bushewa ba! Ashe shi ma ƙaton yana fama, ya ɓoye. Wallahi na ji kunya, ni mai yabon kaina da iya tattali.

An ba mu man shafawa, aka ce silifa kawai har sati huɗu, ƙafa ta sha iska. Hedimasta kuwa ya rantse ba mai shiga aji da silifa, ko kallon takardar likita bai yi ba. Ga jarrabawa ranar Litinin, in ba ta rubuta ba sai maimaita aji. Ba zan cusa ƙafar nan cikin takalmin roba ba, kuma ba za ta maimaita ba. Kada ka rubuto ka ce in yi haƙuri.

Matarka,
Maman Auta

Maigidana,

Ina gaishe ka, da fatan ciwon bayan nan ya sake ka.

Yau muka je da silifarmu. Hedimasta ya tare ƙofar aji kamar mai gadin banki. Na zagaya bayan aji, na dasa mata kujerar da na ɗauko daga gida a gindin taga. Malamarsu, Allah ya yi mata albarka, ta miƙo takardar tambayoyi ta tagar, ta kau da kai.

Awa uku ina tsaye da lema a kanta, rana na dukana, iyaye na leƙe. Hannuna ya sage, amma ko ɗar ban ji ba. Ita kuwa tana rubutu tana kaɗa 'yan yatsun ƙafarta a iska. Hedimasta ya zo ya yi ta muzurai, da ya ga idon jama'a ya koma ofis.

An karɓi takardarta, an haɗa da na sauran. Gobe lissafi, kuma taga tana nan.

Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Maman Auta