Ƙaramin Injin da Ka Ce In Sayo

Assalamu alaikum Yaya Lawal,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kambarawa baki ɗaya. Ya shago, ya fama da rashin wuta? Ni ina nan Jidda ina tuƙa motar mutane, shekara tara ke nan. Na gaji, Yaya, amma ba gajiyar ce ta sa na rubuto ba.

Shekara biyu ba ka ɗaga wayata. Shi ya sa na ajiye wasiƙar nan a fili, inda kowa zai gani. Na san a majalisarku ba za a rasa mai karanta maka ba.

Bayan rasuwar Baba ka ɗauki katakon bencinsa na ƙofar gida, ka yi wata huɗu kana sassaƙa shi a shagonka na gyaran fanka, har ya zama ɗan jirgin ruwa, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Ka haɗa masa rimot da hannunka. Inji kaɗai ya rage. Ka rubuta a takarda, ka turo mini hotonta: ƙarami, mara nauyi, mai juyawa a hankali, wanda ba zai shanye batir ba. Har layi biyu ka ja a ƙarƙashin "ƙarami".

Na je kanti. Mai kantin ya ɗauko ainihin abin da ka ce, ya ɗora mini a tafin hannu. Da kaɗan ya fi babban yatsana. Sai na tuna Alhaji Mudi maƙwabcinmu ne zai kai maka, kuma a gaban jama'a za ka buɗe. Tun daga nan na ji muryoyinsu: shekara bakwai a Saudiyya, ɗan wannan abu ya aiko wa wansa? Na mayar. Na ce a ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi, mai kwali mai ƙyalli. Mutumin ya tambaye ni girman jirgin, na buɗe hannuwa fiye da gaskiya.

Sauran a bidiyo na gani. Dam ɗin Ajiwa, bayan la'asar, mutane tsaye a bakin ruwa. Tun kafin ka taɓa rimot bayan jirgin ya nutse rabi saboda nauyi. Kana dannawa farfela ta yi ƙara, ya ɗaga hanci sama, ya zabura can tsakiya, ya kife. Aka kwashe da dariya. Kai kuwa ka shiga ruwan da rigarka har ƙirji, sai da aka riƙo ka.

Laifina ne, na yarda. Amma tunda gaskiya na zo faɗa, bari in faɗe ta duka. Shekara ashirin kana naɗa koyil. Kana ɗaga injin nan ka san ya fi ƙarfin jirgin. Ba kai ne ke ce wa masu kawo fanka, "Inji ba da girma shi ke aiki ba, da daidai shi ke yi" ba? To me ya sa ka ɗaura? Na san dalili. An taru ana sa albarka, ana cewa ƙaninka ya fitar da kai kunya, ka kasa cewa tsarabar ba ta yi ba. Ni na ji kunyar aiko ƙarami, kai ka ji kunyar ajiye babba. Waɗanda muka ji wa kunyar sun gama dariya sun tafi gidajensu. Bencin Baba kuwa yana ƙarƙashin ruwa.

Da ka kira ka zage ni, wallahi da ya fi mini. Mutum a ƙasar wasu, muryar gida ce guzurinsa, ka sa hannu ka ɗauke. Kullum sai na bi ta bakin teku da maigidana, ba na ko waiwayen jiragen.

Makon jiya na koma kantin da hoton takardarka. Wannan karon na tsaya na tambayi nauyinsa, da zafin da yake ɗauka, da irin farfelar da za ta dace da shi. Maryam ƙanwarmu ta ce mini ƙafafun bencin biyu suna nan ƙarƙashin teburinka, ba ka yar ba. Ba za su yi jirgi kamar wancan ba, sai ƙarami. Injin ma ai ƙarami ne.

Alhaji Mudi ya zo umara, zai taso ranar Laraba. Na cire injin daga kwali na ƙulle shi a hankici. Na ce kada ya kai maka gida. Ya miƙa maka a majalisa, a gaban kowa, ya ce abin da Bishir ya aiko ke nan. Su faɗi abin da za su faɗa.

Ranar da jirgin ya hau ruwa, ka kira ni, Yayana. Ba sai ka ce komai ba. Ka kara wayar kusa da shi in ji ƙararsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya zuciyarka, Ya mayar da ni gida ina da sauran ƙarfi.

Ƙaninka,
Bishir