Ƙarfen da ya leƙo a bakina

Daren Talata, Malbaza

Barci ya ƙi zuwa. Sau huɗu ina tashi da tocila in duba madubi, kamar dubawar za ta maido da naman. Dasashi ya janye daga haƙorin da anka dasa mani a Yamai bayan na faɗi da kabu-kabu. Ƙarfen gindinsa ya leƙo, baƙi-baƙi, kuma a gaba, inda kowa ke gani.

Matata Hadiza ta fara lura da safe. Ta ce, "Malam, mi ya samu haƙorinka? Kamar ƙusa nika gani." Na daka mata tsawa, baiwar Allah, ba ta yi komai ba.

Da anka tashi lakwal, makarantar da nika koyarwa, na kira likitan da ya dasa haƙorin a waya. Ya tambaye ni da mi nika wanke baki. Na ce asuwaki, kowace salla, kuma tun da wurin ya fara duhu nika ƙara dirzawa da gawayi da gishiri, yadda Inna ta koya muna. Ya ce, "Malam, ba dauɗa ba ce, ƙarfen ne ke nunawa ta cikin nama. Kai kuma kana kankare ɗan abin da ya rufe shi." Wai naman ba ya komowa da kansa, sai an yanko daga ganɗa an ɗinka, kuma ba lalle ya kama ba.

Wata uku ina cutar kaina da hannuna, ni a dole mai tsabta! Gobe da wane baki zan tsaya gaban aji?

Ya Allah. An kusa kiran asuba. Ga asuwakin can bisa buta, na kasa taɓa shi.