Kaset ɗinmu a ƙarƙashin gadon Inna

Talata da dare, Mafara.

Yau mai turin waƙoƙi da finafinai na bakin kasuwa ya saka mini gem ɗin yarintarmu a waya, haɗe da manhajar da ke kunna shi. Ina jin kiɗan, dariya ta kama ni. Sai Yaya Sani, lauyan gidanmu, ya ce, "Manhajar ba laifi, amma wasan da mai shi. Ka saya?"

Raina ya ɓaci, na kira Inna a Bakura. Ta ce kaset ɗin gem ɗin da Baba ya saya mana yana nan, da shi ta tokare ƙafar gadonta.

Yaya ya ce ko hakan akwai sauran magana, in ba shi wayar ya bincika. Har yanzu bai maido ta ba. Ina jiyo kiɗan daga ɗakinsa.