Zuwa Ga Ishaya, Wanda Tauraro Ya Raba Da Garma

Ishaya,

Ina gaishe ka gaisuwar da aka koya mini tun ina yarinya, ta girmamawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya a duk garin da wannan takarda ta same ka, kana ci, kana sha, kana samun wurin kwana mai kyau. Mu nan Zuru lafiya muke. Innarka Tabita tana nan da ranta, sai ciwon gwiwa. Babana yana nan. Ni ce Rahila, in har ba ka manta sunan ba.

Na aiko da wasiƙar nan ta jarida ne saboda dalili biyu. Na farko, ba ni da adireshinka. Hoto ɗaya ka aiko cikin shekara biyu, ka jingina da motar wani, ka ɗora hannu a kan fitilarta kamar kai ka haife ta, bayan hoton kuwa fari fat. Na biyu, na lura maganar da aka buga a jarida ita kaɗai take shiga kunnenka. To ga tawa an buga. Jama'ar da za su karanta tare da kai su yi mini haƙuri, ba halina ba ne shanya kayan ɗaki a kasuwa.

Saboda su zan bayyana abin da kai ka riga ka sani. A wajenmu, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Golmo yake yi, wato ya yi damina bakwai yana noma a gonar uban yarinya, shi da sa'o'insa, yau su taya wannan gobe su taya wancan. Kai ka yi shida a gonar babana. Ba wanda ya ɗora maka. Da muka shiga addinin Kirista wasu samari sun daina, amma kai da bakinka ka ce za ka yi, don kada a ce an ba ka ni a arha.

Kuma ka yi. Har yau ina ganin bayanka a kunyar farko, kana gaban kowa, garma tana tashi tana sauka. Babana ba mai yabo ba ne, amma na ji shi da kunnena yana cewa, “Wanga yaro bai san gajiya ba.” Ranar da murna na kwana.

Sai ga ranar kwalbar fitila, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Ka raka ni shagon Emeka, ɗan Ibon nan da ya dawo bayan yaƙin basasa ya sake buɗe kantinsa a bakin kasuwa. Ya naɗe mana kwalbar a tsohuwar jaridar Legas. Idonka ya faɗa kan wani zane, rabi mutum rabi doki, ya ja baka zai harba. Ka tambaya. Emeka ya yi dariya ya ce taurari ne, Turawa sun raba shekara gida goma sha biyu, kowa da gidansa bisa ga ranar da aka haife shi. Ya tambayi taka ranar. Ba ka sani ba. Ka bar ni tsaye da kwalba a hannu, ka ruga gida ka ɗauko katin baftisma, aka duba aka ga farkon Disamba.

Emeka ya ce ai ga ka nan, mai dokin nan kai ne. Sajitariyos suke ce masa, malamai masu duba kuma su ce Ƙausu, wato baka. Ya karanta yana fassara maka da Hausarsa. Wai duk wanda aka haifa daga ƙarshen Nuwamba zuwa kusa da Kirsimeti maharbi ne, kuma ɗan wuta ne. Wai yana son tafiya, ba ya son a ɗaure shi wuri ɗaya. Wai gaskiya yake faɗa ko za ta yi ciwo, hannunsa a buɗe yake, sa'a tana binsa, ba ya ganin baƙin gobe. A ƙarshe aka ce yana da gajen haƙuri, yana kuma yin alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Wannan na ƙarshen ba ka ji shi ba, don a lokacin kana ta kallon dokin.

Ka yanke zanen ka sa shi cikin littafin waƙoƙin sujada. Ni kuwa na tafi gida da kwalba tsirara, ta fashe a hanya.

Tun daga ranar muka shiga uku da gaskiyarka. Ka ce wa shugaban mawaƙan coci muryarsa ta tsufa, a gaban yaran da yake koya wa. Ka ce wa babana kunyoyinsa irin na mutanen da ne. Ni kuma, ranar da na kai muku abinci gona, ka ɗaga loma a gaban sa'o'inka ka ce tuwona da gudaji. Da gudajin, ban musa ba. Amma damina biyar kana cinye shi har ka suɗe kwano, ba ka taɓa gani ba sai da jarida ta buɗe maka ido. In an yi maka magana sai ka ce, “Mu maharba ba mu iya ɓoye-ɓoye ba.” Rashin kunya ne kawai ka samo masa suna na Turanci.

Duk da haka ka yi damina ta shida, na ce zai wuce. Sai da aski ya zo gaban goshi, saura ɗaya tak, hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, ka hau motar Kwantagora. Ba ka yi wa babana sallama ba. Ba ka yi wa innarka ba. Ni ka bar mini 'yar takarda mai layi ɗaya a ƙarƙashin keken ɗinkina: “Kibiya ba ta zama a kwari.”

Na karanta layin nan ya fi sau ɗari, kuma kowane karo raina sai ya ƙara ɓaci. Wa za ka koya wa kibiya? Kakanka maharbi ne na gaske, har yau bakansa yana rataye a ɗakin innarka. Kai ka ba ni labarin yadda yakan zauna a gindin itace tun hantsi har la'asar, ƙuda ya sauka a hancinsa bai kore shi ba, yana jiran gada ɗaya. In ya harba ya kuskure, sai ya bi sawu ya ɗauko kibiyarsa ya mayar kwari. Wannan shi ne maharbin da muka sani a ƙasar nan. Mai ƙafar dokin nan naka, ban san a wane daji yake farauta ba.

Damina ta farko bayan tafiyarka sa'o'inka sun rufa maka asiri, suka nome gonar. Babana ya gode musu, ya ce amma ba su ya yi wa alkawarin ɗiya ba. Ta biyu ba wanda ya zo, don duk sun gama nasu sun yi aure. Ni na ɗinka wa matansu rigunan biki, ina murmushi ina cizon zare. In na wuce a kasuwa sai in ji ana raɗa, ga matar tauraro nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya na je shafa wa innarka man zafi a gwiwa. Muna hira da yarenmu na ce mata Disamba ta wuce, Ishaya ya ƙara shekara. Ta dube ni kamar na yi mata ashar. Ta ce wane Disamba? Ta ce ita da ta yi naƙudar ba za ta manta ba. Tana gona ana noman farko, dawa ta kai gwiwa, ciwo ya kama ta. Aka kawo ta gida cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, ɗakin yana yoyo, kakarka ta riƙe faifai a kanta har ka faɗo. Ta ce, “Da damina na haife shi, tsakiyarta.”

Ban tsaya nan ba, na je wurin tsohon mai bishara da ya rubuta katinka. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce a lokacin wa ya san ranar haihuwa? Fom yana da layi, layi kuma ba a barinsa fanko. Sai ya sa rana da watan da aka yi baftismar, don bayan girbi ake yi, shekara kuwa ya dubi tsayin mutum ya kintata. Duk wanda aka tsoma a rafi tare da kai ranar nan, a katinsa farkon Disamba aka haife shi.

Ka san wa ke cikinsu? Baba Markus mai saƙar tabarma. Na ga katinsa da idona. Shi ma maharbi ne ke nan, ɗan wuta, mai yawon duniya, mai faɗin gaskiya komai ɗacinta. Mutumin da tafiyarsa mafi nisa ita ce Dirin Daji, ita ma jana'iza ce ta kai shi, ya kuma dawo a ranar. Mutumin da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai, Ishaya. Wani a Legas da bai taɓa ganin fuskarka ba ya gaya maka ko kai wane ne, ka yarda nan take. Matar da ta ɗauki cikinka tana zaune a tsakar gida tana sussukar dawa, ba ka taɓa tambayarta ba.

Na koma shagon Emeka na ce ya duba mini gidan masu tsakiyar damina. Ya buɗe jarida, ya fara dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye ta. Ƙaguwa ce. Ka ji ko? Wannan da yara suke tonowa a bakin rafi, mai tafiya a karkace. An rubuta wai ita 'yar ruwa ce, mai son gida, mai manne wa uwa da dangi, in ta kama abu ba ta saki. Emeka ya rantse bai san wasan zai kai haka ba. Ya ce, “Ni ina karanta shi kamar cin goro ne, in tauna in tofar.” Kai ka haɗiye.

Na kwana biyu ina tunanin in ce maka, tunda jarida kake bi, ga ta nan ta ce ka dawo gida. Na fasa. Ba na son mijin da ƙaguwa za ta turo mini, don wata rana kunama za ta zo ta janye shi.

Ba zan yi maka ƙarya ba, wasu abubuwan da aka karanta a shagon nan naka ne. Hannunka a buɗe yake. Ka taɓa cire rigarka ta Lahadi ka ba wani sojan da ya dawo daga yaƙi ba shi da ko takalmi. Kana da dariyar da take sa gajiyayye ya ƙara kunya biyu. Kuma tun muna yara in mota ta wuce kakan bi ta da kallo har ƙurarta ta kwanta. Duk na san wannan tun kafin Emeka ya san sunanka, kuma don su na so ka. Da ka zaunar da ni ka ce, Rahila, gonar nan ta ishe ni, ina son in ga duniya, da na ce ka ƙarasa daminar nan mu tafi tare. Keken ɗinki ana ɗora shi a mota. Ni ma ina son in ga tekun nan da ake faɗi. Ba ka taɓa tambayata ba, sai ka laɓe bayan doki.

Ina kewarka, kuma ina jin haushin kaina da nake kewarka. In an fara waƙar nan ta girbi a sujada, har yanzu kunnena yana neman muryarka a layin maza.

To ga inda magana ta tsaya. Wani malamin makaranta daga Mahuta ya aiko manyansa wurin babana. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Babana bai tilasta mini ba, ya kira ni ya tambaye ni. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ranar shuka. Ya ce ya ji, amma in ruwan shuka ya sauka ba ka cikin gonarsa, shidan da ka yi sun bi ruwa, kada wanda ya ƙara kawo masa sunanka. Kai ka san babana ba ya magana biyu. Zafi ya riga ya tsananta, kanya ta fara sabon ganye, ba sai na gaya wa manomi abin da wannan yake nufi ba.

Garmarka tana ɗakin innarka, ƙarƙashin bakan kakanka. Ƙotar ta tsage, na kai wa maƙeri ya sa sabuwa.

Ranar shuka zan kai abinci gona kamar yadda na saba, da kwano ɗaya a gefe a rufe. In na tarar da kai, naka ne, kuma ba zan tambaye ka komai ba sai ka gama ci. In ban tarar da kai ba, zan biya in miƙa wa Baba Markus, tunda ranarku ɗaya, daga nan in wuce in ba babana amsar mutanen Mahuta.

Ubangijin da ya rataye taurari, wanda bai ba ko ɗaya cikinsu ikon riƙe garma ko ajiye ta ba, ya tsare ka a hanya. Ya kiyaye ka daga mugun direba da mugun aboki. Ya sa takardar nan ta iso hannunka, ko da ƙosai aka naɗe maka a ciki. Ya ba innarka tsawon ran da za ta gaya maka ranar haihuwarka da bakinta. Ni kuma ya ba ni ƙarfin cika maganata, ko ta wace fuska ta faɗi. Amin.

Ni ce taka har zuwa ruwan shuka,
Rahila mai ɗinki, Zuru.