Tuffar Bakin Teku

Daegu, 19 ga Nuwamba

Maigidana Baban Dasom,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya teku, ya kamun kifi, ya ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya lau, sai kewarka da sanyin da ya fara shigowa.

Kada ka aika wa gidan su Donguk amsa kan aurensa da Dasom tukuna. Na sani ni na yi ta matsa maka, ina cewa uwarsa Malsun ƙawata ce tun muna 'yan makaranta, 'yarmu gida za ta koma. To yau ko sunan matar ba na son ji.

Ranar Asabar muka tafi yawon bakin teku da muke yi duk ƙarshen kaka, ni da ita da Okbun mai shagon ɗinki. Ka san yadda wurin yake in baƙi sun watse. Rumfuna duk a ƙulle, kujerun roba a kife, guguwa ta watso robobi da igiyoyi da matattun kifi kan yashi, ga ƙarni kamar ya kayar da mutum. Babu kowa sai mu uku da wani ramammen kare. Malsun tun safe take mitar yunwa, don gidan miyar kifin da muka sa rai ya rufe sai bazara.

Muka tsaya hutawa, ta zaga bayan duwatsu kama ruwa. Can sai ga ta da tuffa a fere, an yanka gwanin sha'awa, da wainar shinkafa da kwalbar giyar soju. "Ku ci, 'yan wahala," in ji ta, "yau Allah ya dube mu." Na ɗauka daga jakarta ne, ka san jakar nan tata ba abin da babu. Na ci, Baban Dasom. Har na ce tuffar da zaƙi.

Sai na ga ɗaya da ba ta fere ba a hannunta, an sare mata kai, irin yadda ake yi wa ta gaban mamaci. Na miƙe na leƙa bayan dutsen. Ga farantai a jere suna fuskantar ruwa, ga gindin turare bai gama hucewa ba. Wani ne ya ajiye wa nasa da teku ya ci.

Na ce, "Malsun, kin haukace ne? Abincin mamaci!"

Ta ce, "Ke raba ni da ƙauyanci. Mamaci baki gare shi? Tsuntsaye ne za su cinye, ni kuwa na fi tsuntsu."

Okbun tana ta dariya da waina cike da baki. Na ce wa Malsun mijina yana kan ruwan nan yanzu haka. Ka san me ta ce? "In ya nutse ki ajiye masa abinci mai tsada, za mu zo."

A wurin na yi amai. Na wanke baki da ruwan gishiri har leɓena ya tsage, amma har yanzu ina jin zaƙin nan a harshena. Ita kuwa ta share farantan da hankici, ta jera su ɗaya kan ɗaya, wai ita mai tsafta. Gidan wannan matar zan kai 'yata?

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar ulun da na aiko.

Matarka,
Gyeok

Daegu, 27 ga Nuwamba

Baban Dasom,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan iska ta yi muku sauƙi. Dasom ta gaishe ka, ko da yake ni ta daina yi mini magana. Ta ce ba uwarsa za ta aura ba. Na ce haka duk muka ce.

Na kira Malsun na gindaya mata sharaɗi: mu koma ƙauyen da ke bakin tekun, mu nemo masu abincin, ta durƙusa ta ba su haƙuri, in ba haka ba a bar maganar aure. Ta ce, "Kan tuffa? Ki faɗi nawa ne in aiko." Na kashe wayar.

Washegari sai ga Donguk a ƙofa da kwandon tuffa, ido jajir, wai ya ji komai, shi zai je a madadinta. Ban ko ce masa ya shigo ba. Muka shiga motarsa muka kama hanya.

Ba mu sha wahalar nema ba. Wata tsohuwa ce, Kaka Bunim, tana shanya kifi a igiya a ƙofar gidanta, bayanta ya tanƙware. Ɗanta ne ya fita da kwalekwale shekarun baya, ba a ga ko takalminsa ba. Da muka ambaci dutsen, tun kafin Donguk ya buɗe baki ta kama hannuna, fuskarta ta washe.

"Ku ma kun ji labari? Ɗana ya zo, 'yar nan! Bana ya zo ya ci. Duk shekara tsuntsaye ke watsar da abincin, amma bana fere tuffar aka yi, aka shanye sojun, aka jera mini farantai. Wa ke zuwa bakin ruwa a wannan sanyi in ba shi ba? Tun ranar nake barci har safe."

Ban taɓa jin ƙyamar kaina da ta ƙawayena irin ta lokacin ba. Na dubi Donguk. Na riga na ƙudurta a raina, in ya faɗa mata gaskiya don ya wanke uwarsa ya samu 'yata, to ɗan uwarsa ne, na gama da su.

Ya gyara riƙon kwandon. Sannan ya ce, "Kaka, ki nuna mini wurin in gaishe da Yaya."

Ya goya ta a baya har kan duwatsun. Ya sare kan tuffa, ya jera, ya durƙusa a jiƙaƙƙen yashi da wandonsa na ofis ya sunkuya wa mutumin da bai taɓa gani ba. A hanyar dawowa ya tsayar da mota, ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Ya ce, "Mama, na san in ban ba da haƙuri ba, ban cika sharaɗinki ba. Amma ba zan iya ƙwace wa Kaka wannan farin cikin ba."

Da Malsun ta ji, wai cewa ta yi ashe ma lada ta samu.

Ka aika musu amsa, mun ba shi. Yawon bakin teku kuwa na gama shi da su har abada. Zan kira matar nan surukata, zan sunkuya mata ranar biki kamar yadda ake yi, amma kai za ka zauna kusa da ita, don ba zan iya kallon bakinta yana tauna ba.

Ka dawo mana lafiya, da ƙafarka.

Taka har kullum,
Gyeok