Liƙin da na yi wa Baba Zaza

Gaisuwa mai tarin yawa ga jama'ar Gusau kwata, manya da ƙanana, masu shayi da masu zaman bencin mai shayi, da 'yan Zongo da muke ɗaki ɗaya anan unguwar Najma a Doha, da likitocinmu na Doha masu karanta ni a ɓoye. Kowa ya ɗau tasa, daga Farfesa Habu Direba. Sai gaisuwa ta musamman gareka Yaya Sale, da fatan ƙafar tayi sauƙi.

Rubutun nawa ka sanshi, kai kace kaza ta fini. Ka karanta hakanan.

Wata bakwai kenan da komawarka gida, kuma ƙaninka ya zama masanin harsuna. Motar kamfani da ka bar min mutum biyu take ɗauka yanzu. Akwai injiniya ɗan Norwe, sunansa Ola, kuma ba Bayarabe bane, na tambaya. Akwai Baba Zaza ɗan Jojiya, shugaban ma'aikata, wanda ƙarshen watan nan shi zai sa hannu ko a sabunta min kwantiragi ko a maido maka ni.

Na zauna na auna yarukan nan biyu ina tuƙi. Na Ola kamar mai lallashin jariri, murya ta hau ta sauka. In zai ce eh, ciki yake jan numfashi, ranar farko na taka birki na zata ya ga hatsari. Rubutunsu bokonmu ne, illa suna soke wa wasalin o mashi. Gaisuwarsu kalma ɗaya, khalas. Na taɓa tambayarsa iyali da gajiya da sanyin garinsu, ya juyo ya tambayeni ko wani abu ya faru.

Na Baba Zaza kuwa kamar ana tauna ƙashi. Baƙaƙe biyar a jere ba wasali, amma suna da ƙ da ts irin namu sak, shi yasa nace masa asalinsu Zamfarawa ne. Rubutunsu kamar an zubar da taliya a faranti. In ya gaisheka sai ya riƙe kafaɗarka. Hukuncina: yaren Norwe na wanda ya ƙoshi ne, na Jojiya na wanda zai ciyar da kai ne.

To ga abinda ya faru. Juma'ar da ta wuce bayan masallaci Baba Zaza ya kiramu ni da Ola cin abinci gidansa a Bin Omran. Teburi cike, burodi mai cuku, nama, ganye. Su da abin shansu, ni da lemona. Muna cikin ci sai ya miƙe da kofi a hannu ya fara magana da yarensu, kowa yayi tsit. Yana jero sunaye, murya na tashi, yana dafa ƙirji.

Kai ka sanni Yaya, ba'a yin kirari a gabana in zauna kamar dutse. Nace ashe Baba Zaza sanƙira ne a garinsu bai faɗa min ba. Na miƙe da takuna na ƙasaita, na zaro riyal sabo fil, na manna masa a goshi. Akwai zufa, ya kama kyau. Har na juya ina jiran a tafa.

Ba wanda ya tafa. Ya cire takardar ya ajiye gefen farantina, ya ƙarasa maganarsa, ya zauna.

A mota Ola ya fayyace min, kuma ranar ne naji yayi magana mafi tsawo a rayuwarsa. Wai a al'adarsu mai wannan tsayuwa shine babban teburi, ba maroƙi ba, ana ce masa tamada. Wai sunayen da yake jerowa na waɗanda basa wurin ne, matattu da na nesa. Na ƙarshe ƙaninsa ne da ya rasu bara a garinsu, shi Baba Zaza yana nan Doha bai samu zuwa jana'iza ba. A daidai sunan na manna.

Kwana biyar kenan Baba Zaza yana shiga mota ya zauna baya. Bai riƙe kafaɗata ba. Gaisuwar Norwe yake min yanzu, kalma ɗaya.

Ola yace in ce masa yi haƙuri, shikenan, haka suke yi a garinsu. Na gwada da turancina, Baba Zaza ya gyaɗa kai yana kallon taga. Sai na tuna maganarka ta ranar da muka sauka filin jirgi: "In ka ɓata wa mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a zaka gyara." Lokacin nace wa'azi kake.

Saboda haka Juma'a ta sama nine mai teburi. 'Yan ɗakinmu sun yarda a ɗage katifu, Baba Zaza bai ce zai zo ba amma bai ce a'a ba. Zan tsaya da kofin zoɓo in jero nawa waɗanda basa nan, da Hausa, ko ya ji ko bai ji ba. Sunan ƙaninsa na koya, ina maimaitawa a danja. Sai Inna, Allah ya jiƙanta. Sai kai. Da na zauna lissafa su na ga wata uku rabona da kiranka, ina nan ina auna yaren mutane. Gadonka na sama har yau ban bari kowa ya hau ba, kayana nake ɗorawa.

Allah ya baka lafiya, ya jiƙan nasu da namu, ya sanyaya zuciyar Baba Zaza kafin ƙarshen wata. Amin.

Yanzu buƙata. Teburi ba kilishi ba teburi bane. Alhaji mai shagon waya na bakin kasuwa zai taso Talata, ka bashi kilishi mai yaji ƙulli biyu, da hula ɗaya mai kyau, kan Baba Zaza babba ne, ka auna da naka. Wannan karon a hannu zan bashi.

Ka aiko Yaya, kar ka tsaya ɗanɗanawa.

Naka har kullum,
Farfesa Habu, Najma