Hoton Inna da Ban Ɗauka Ba

Yaya Sani, assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙarin haƙurinmu?

Da na kai kyamarar da ka aiko Sakkwato sayen kayanta, mai shago ya ce in ƙara batir na biyu. Na ƙi, na zaɓi ƙafar ɗora kyamara.

Ran Laraba Inna ta yarda in ɗauke ta hoto cikin gonar albasarta a Rimawa. Ta gyara kallabi tana dariya, ta ce, "Mi kake jira?" Sai batir ya mutu. Na ce mata gobe. Washegari ta kwanta ciwon da ya tafi da ita.

Yaya, hoton da kake tambaya babu shi. Har yau na kasa buɗe jakar kyamarar. Ka sa mu a addu'a, ni da ita. Gaida su Hadiza.

Ƙanenka, Bello.